Takarda Mai Wata Uku

Wata la'asar, a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu a Ruma, Baba ya ɗaga farar takarda ya kara ta da rana.

"Zo ka gani," in ji shi.

Na ja shanyayyiyar ƙafata na matso. Can cikin jikin takardar sai ga jinjirin wata uku a jere, ba tawada, ba zane.

"A wani yanki na ƙasar Italiya ake yin ta, hayin teku. Wani ɗan can ya ba ni labari a Tarabulus, lokacin ina bin ayari." Ya share ƙasa da tafin hannu, ya tara tsakuwa. "Nan arewa duwatsu ne, ƙanƙara ba ta barin kansu. Kogunansu ba sa ƙafewa ko da rani, su ke juya taɓaren da ke daka tsumma ya zama takarda. Kudu fadama ce har bakin teku. Mutane kuwa, in ka yi kira a wannan ƙauye, na gaba zai amsa."

"Baba, me ya hana ka zuwa?"

"Jirgin ruwa kawai ya rage in hau. Sai na ce bari in leƙa gida tukuna, in ga abin da innarka ta haifa. Na tarar da kai, ban tarar da ita ba."

Bai dubi ƙafata ba. Ya watsar da tsakuwar, ya saɓa ni a kafaɗa zuwa masallaci, kamar kullum.

Yau furfurata ta fi wadda ya mutu da ita. Amma duk sanda na kara takarda da rana, ba wata nake gani ba, nauyina nake ji a kafaɗarsa.