Madubi Biyu na Hansatu

A wancan zamani, duk jami'ar da ta ɗauki ɗalibi sai ta aiko masa da ɗan madubi mai nuna minti ɗaya na rayuwarsa bayan shekara goma. Hansatu biyu ta samu, daga jami'o'in da kowa ke burin shiga, kuma ranar ce ta ƙarshe da za ta mayar da ɗaya, ta riƙe na jami'ar da za ta shiga.

Ta kai wa malamarsu, Malama Tabawa.

"Malama, a duka biyun likita na zama. Wanne zan riƙe?"

"Kin kalla, amma kin saurara? Kara su a kunnenki."

A na farko waya ta yi ƙara, muryar Innarta ta ce, "Ke 'yar nan, kin ci abinci?" A na biyu muryar Innar ta fito a ladabce: "Dakta Hansatu, ina wuni?"

Hansatu ce 'yar fari, kuma don kunya Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba.

"Malama, me zai sa ta kira sunana?"

"Madubi ba ya faɗin dalili, 'yata."

Hansatu ta sake saurara, sannan ta mayar da na biyun cikin akwatinsa don a kai wa masu shi.