Wutar da Ta Rage wa Malam Safiyanu

Tun da hantsi Malam Safiyanu yake zaune a rumfar wani mai shayi da ke bakin kogi a Malanville, wayarsa a bisa cinya, igiyarta soke a jikin ɗan akwatin ajiyar wutar nan da 'yan zamani suke kira fawa-bank. An kwana biyu babu kuran, wato wutar lantarki, a unguwar. Batirin wayar kuwa ya tsufa ƙwarai, har ya zama da zarar an zare igiyar sai ta ɗauke numfashi.

Dattijon tsohon ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, wanda ya ajiye aiki ya zuba ƙarfinsa duka a gonar shinkafa ta hanyar Madekali. A daidai lokacin da shinkafar ta ɗauki ciki, injin ban-ruwansa ya mutu. Makanikan gari sun duba, sun ce abin da ya karye sai a Gaya, can ƙetaren kogi cikin Nijar. Ƙasa ta soma tsagewa, ganye ya soma naɗewa, kuma kowane manomi ya san cewa shinkafar da ta sha ƙishirwa a wannan gaɓa, ƙaiƙayi za a girba.

Ƙanensa Khalidu, mazaunin Gaya, ya samo wani gwani da zai zo da ƙarfen ya ɗaura. Da yake gadar da ta haɗa garuruwan biyu a rufe take, a kwalekwale ake ƙetarowa, matuƙa kuma ba su da mashigi ɗaya, sai inda ido ya yi ƙaranci. Saboda haka aka yi alkawari: idan gwanin ya taka ƙasa, zai kira.

Rana ta take tsaka, kira bai zo ba. Dattijon ya nemi Khalidu, layin ya ƙi shiga. Daga fitilun jikin akwatin, ɗaya tak ta rage, ita ma tana ƙyaftawa. Malam Safiyanu ya yi tsaki, ya la'anci masu kuran, ya la'anci masu ƙera batir, ya haɗa har da zamanin da ya ɗora abincin gidan mutum mai mutunci a kan 'yar igiya.

Ana cikin haka wani mutum ya shigo rumfar, wandonsa jiƙe har gwiwa, yana warin man gazuwal, da wata jaka mai nauyi a kafaɗa. Ya tambayi mai shayi wurin caji, aka ce babu. Sai idonsa ya sauka a cinyar dattijon.

“Baba, don Allah ka ara mini abin ga. Kira guda za ni yi.”

Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin gada ba ya bukatar a gabatar masa da ɗan fasa-ƙwaurin mai. Malam Safiyanu ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ja akwatin zuwa jikinsa.

“Ni na yi maka kama da shagon caji?”

“Wallahi Baba, aiki ne ya kawo ni...”

“Na san irin aikinku tun ba a haife ka ba. Gaba!”

Mutumin ya fita. Ya zagaya rumfunan masu kifi, ya tsai da 'yan kabu-kabu, kowa ya nuna masa matacciyar waya ko ya kau da kai. Bayan azahar ya komo, ya durƙusa har ƙasa.

“Baba, ko ɗan abin da zai kunna wayata in ga lamba, in kira da taka.”

Shawarar ba ta rasa hankali ba, amma a lokacin haƙurin dattijon ya ƙare. Idan ya zare igiyar, gwanin ya kira a wannan ƙiftawar ido fa? Ya ɗaga murya har masu wucewa suka tsaya, ya ce idan bai ɓace masa da gani ba zai kira jandarma su buɗe jakar nan.

Mutumin ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya gangara bakin ruwa.

La'asar ta wuce. Mai shayi ya soma haɗa kofunansa. Malam Safiyanu yana nan dai, ya tallabe wayar kamar jinjiri, sai ga ta ta yi ƙara. Lamba ce ta Nijar. Ya kai ta kunne.

“Yayan Khalidu ne? Seydou ne, makanike. Ka yi haƙuri, na komo Gaya, kuma da asuba za mu kama hanyar Dosso, sai bayan sati in sha Allahu. Tun tsakar rana na iso Malanville da ƙarfenka cikin jaka, wayata ta mutu, lambarka na ciki, wani tsoho mai baƙar rowa a rumfar mai shayi ya hana ni caji har da kira mini jandarma.”