Mai Haƙurin Matarsa

Da'irar nan ta fara juyawa a tsakiyar allo, hoto ya tsaya cak, masu kallo suka watse. Lambar masu kallo da ke gefe ta yi ta raguwa har ta tsaya a kan ɗaya, kamar kullum.

"Mai haƙurina yana nan," in ji matar. Ta yi wa kyamara wani murmushi da mijinta, mai gyaran kwamfuta, ya rantse rabonsa da shi tun suna amarci.

Shi ya gina mata shafin da take koyar da ɗinki kai tsaye, kuma ya sha wuya. Hoto ya fito a wannan manhajar buɗe shafi ya ƙi fitowa a waccan, wani lokaci murya ta riga baki. Sai da ya gaji da gwaji a tsohuwar kwamfutarsa ta shago kafin ya tsara abin yadda ko ya yanke zai sake haɗa kansa. Da ya gama, ya cire wa kwamfutar allo, ya tura ta ƙarƙashin tebur.

To ga sakayyarsa. Wani ƙato yana riga kowa zuwa, kowa ya tashi ya bar shi, bai taɓa rubuta ko sannu ba. Wane namiji ne zai zauna kallon yadda ake sa zif in ba da wata manufa ba? Kishi ya hana shi sakat.

"Wa ya ce maka namiji ne, baban yara?"

"Mace ba ta da wannan naci."

Ta yi dariya. Dariyar ta fi komai ƙona masa rai.

Sai ya shiga yi wa shafin zagon ƙasa. Ya rage ƙarfin hoton har fuskarta ta koma dishi-dishi, ya sa yana tsayawa kowane minti, wai don mutumin ya gaji. Ɗalibanta na gaskiya suka gudu kaf. Ɗayan nan ko gezau.

Ranar da ta gano aikinsa ne, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗaure keken ɗinkinta, ta tafi gidan yayarta, ta ci gaba da darasi daga can da wayarta.

Ya zauna a shago ya bi sawun mai kallon, sai ya ga da intanet ɗin shagonsa ake kallon. Ashe ɓarawon na gida ne! Ya afka wa mai askin da ke jikin bangonsa, wanda ya taɓa bai wa lambar sirrin intanet ɗin.

"Maƙwabci, ni da ko maɓalli ban iya sawa ba?" in ji mai aski, reza a hannu.

Ya dawo yana huci, ya katse wa mai aski da duk maƙwabta intanet ɗin. Ya leƙa shafin a wayarsa ta ƙofar mai kula, wadda ba a ƙirga ta cikin masu kallo. Matarsa tana yanka hannun riga, ta rame, kuma har yanzu mutum ɗaya na kallonta.

"Kai kaɗai ba ka guje ni ba," ta ce wa kyamara a hankali.

Ransa ya ɓaci, ya kai wa tebur shuri. Ƙafarsa ta fizge wata wayar wuta daga jikin batirin shago. A ƙarƙashin tebur, fankar tsohuwar kwamfutar da bai rufe shafin a kanta ba tun ranar gwaji ta yi shiru, lambar da ke wayarsa ta koma sifiri.