Abin da Ya Toshe Rariya

Allurar ma'aunin rariya ta fara hawa da ƙarfe goma saura, kuma duk ɗakin mutum ɗaya ne ya san dalili.

Injiniya suke kiransa a masana'antar, tun ranar da ya dawo. Shekara bakwai ya yi a waje yana karatun haɗa takarda, ya dawo da jaka ɗaya da labarin cewa takardar shaidarsa tana hanya. Kafin ta iso, babansa ya nema masa wuri a sashen tata, inda shi kansa ya shekara ashirin da shida.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Tsofaffin takardu suna hawa bel su faɗa babbar tukunya, ruwa da farfela su mayar da su kwaɓi. Maganaɗisu ya kwashe ƙananan wayoyi. Rariya ta tare leda da salatif da gam. A gaba kumfa ta ɗauke tawada. Abin da ya tsallake duk wannan shi ne zai zama farar takarda. Baba yakan ce tukunya ba ta cin leda, ajiye maka take yi.

A falon gidansu akwai bango guda na wasiƙun makaranta. Baba ba ya karanta harshen can, amma duk wasiƙar da ta zo da tambarin jami'ar sai ya kai an manne ta cikin leda, ya buga ƙusa ya rataye. Akwai ta samun gurbin karatu, ta sakamakon shekarar farko, har ta kuɗin ɗakin kwana. Inna kan goge su da tsumma duk safiya. Ta shida, wadda ke tsakiya, Baba har kwali ya manna mata a baya don ta tsaya sosai.

Ita ce wasiƙar korarsa. Sau biyu ya faɗi jarrabawa a shekara ta uku, sauran shekara huɗun a ɗakin wanke kwanuka na wani otel ya yi su.

Wata biyar yana cin abinci a ƙarƙashinta. Baƙi su zo, Baba ya nuna bango, su ce Allah ya ƙara basira, shi kuma ya ce amin yana kallon tabarma.

Jiya Baba ya ce sabon shugaban sashe zai zo gaishe su ranar Asabar. A ƙasar can ya yi karatu shi ma. "Sai ku sha hira da yarenku," in ji Baba.

Da safe, Inna na kicin, yaron ya zare wasiƙar daga ƙusa ya cusa a cikin riga. Niyyarsa ya jefa ta a kwata a hanya, sai Baba ya ce su tafi tare. Ya shiga aiki ledar na sukarsa a haƙarƙari. Yana tsaye a gefen bel ya fito da ita, yana neman inda zai ɓoye, ya ji muryar Baba a bayansa yana tambayar safar hannu. Hannunsa ne ya yanke shawara. Ya tura ta tsakanin jaridu, ya bi ta da ido har ta faɗa tukunya.

Yanzu allura ta shiga ja. Famfon da ke tura kwaɓi ya fara gurnani.

"A kashe!" Baba ya ɗaga hannu. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa. Ma'aikata suka taru, mai kula da bel ya riga kowa fara rantsuwa cewa ba daga wurinsa ba ne.

"Injiniya, zo ka gwada mana karatun," wani ya ce, aka yi dariya.

Bai motsa ba. Baba ne ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya kwance notuna takwas ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga murfin rariya, ya zura hannu har kafaɗa cikin kwaɓin mai ɗumi. Ya fito da igiyar salatif. Ya fito da tsumma. A karo na uku ya ɗan jima, sannan ya zaro ta, ta lanƙwashe amma ko harafi ɗaya bai goge ba. Tambarin jami'ar yana ƙyalli.

Baba ya dube ta, ya dubi ɗansa. Ya juya wa mutane baya ya wanke ta a bokiti.

"Ledar wani ce," ya ce. "Ku koma aiki."

Da suka watse, yaron ya matso. Ya shirya maganar nan sau ɗari a jirgi, a gado, a kan hanya, yanzu ko farkonta ya rasa.

"Baba, wasiƙar nan… ba abin da kake zato ba ce."

"Riƙe," Baba ya ce, yana goge hannu a wando. "Ka mayar da ita kafin uwarka ta ga gurbin. Shugaban kuma na ce masa a waje za mu zauna, falo da zafi."

Ya ɗauki sifana ya koma kan murfin.

Yaron ya tsaya da ledar tana ɗiga a hannunsa. Tukunya ta cinye kwalin bayan tas, bayan wasiƙar ya fito fili a karon farko. Ya juya ta. A ƙarƙashin ledar, da shuɗin biro, rubutun Baba ne mai karkata: fassarar wasiƙar layi bayan layi, kamar yadda wani ya karanta masa, da kwanan watan shekara huɗu da suka wuce.