Safa Mai Faci

Sai a ƙofar shagon gyaran tufafi na birnin Busan malamar da ta rako wani magidanci neman aiki ta tuna cewa a nan ana cire takalmi. Ƙungiyarsu ta koya wa magidancin ɗinki da tallafin gwamnati, ta ara masa kwat da takalmi don neman wannan aiki, amma an manta da safa. Tasa kuwa faci ce bisa faci.

Da ya cire takalmin, tsohuwa mai shagon ta ƙura wa ƙafafunsa ido.

"Ɗan nan, wa ya yi maka wannan?"

"Ni ne, Inna. Ban iya yar da abu ba."

Ta durƙusa ta shafa ɗinkin, sannan ta miƙo ƙafarta tana dariya, babban yatsanta ya leƙo ta hujin safarta.

"Zauna, marowaci. Da wannan za ka fara."