Minti Goma a Ƙarƙashin Sitiyari

"Minti goma kacal," in ji Mai-aski, yana naɗe hannun riga. "In na wuce haka, a aske min gashin baki da fasasshiyar kwalba. Baba, sallami bakaniken nan tun bai ɓata maka mota ba."

Bakaniken ya ja kujera ya zauna a bakin gareji, ya harɗe hannu. Ko jakar kayan aiki bai zo da ita ba.

Motar ta Baba ce, surukin Mai-aski. Koriya ce mai zagayayyun fitilu, ta girmi matar Mai-aski da shekara biyu, amma har yau mutum yana ganin fuskarsa a jikinta. Shekara bakwai Mai-aski yana zawarcin motar nan. Ya roƙa, ya yi daɗin baki, ya yi wa tsohon aski kyauta ba adadi. Amsar Baba ɗaya ce: "Sai ranar da na gaji da ita."

To, wata guda da ya wuce sai Mai-aski ya ga ya kamata ya taimaka masa ya gaji. Ranar da aka aike shi wanko ta, ya kutsa ƙarƙashin sitiyari ya lalubo bawul ɗin hita, ɗan famfon nan da ke sakin ruwan zafin inji ya ɗumama cikin mota. Ya ɗaure shi a buɗe da waya, ya murɗe tamau. Tun daga ranar, shiga motar nan kamar shiga gidan burodi. Baba ya riƙa tuƙi da tawul a wuya, gilasai a sauke, bai ce wa kowa komai ba.

Sai jiya ya aiko cewa ya samo sabon bawul, bakanike zai zo ya canza, kowa ya zo ya gani. In bakanike ya zura kai, wayar zai fara gani, kuma duk gidan an san wanda ya fita da motar kwana ɗaya kafin hita ta haukace. Dole shi ya riga kowa shiga.

Baba na zaune da ɗan kwali a cinya, an naɗe shi da salatif. 'Ya'yansa mata uku sun jera kujeru kamar masu jiran wasa.

"Ciro tsohon bawul ɗin tukuna," in ji Baba, "sai in ba ka abin da ke ciki."

Kujerar direba a matse take gaba, ta ƙi komawa baya. Baba ya ce ai ta kwana biyu da cijewa. Mai-aski ya kwanta rigingine, kai tsakanin birki da kuloci, ƙafafu a sama bisa jinginar kujera. Ƙarfe ko'ina rau da zafi, don Baba ya bar injin yana aiki tun safe wai don yara su ji irin azabar da yake sha.

Ya cusa hannu ta wani ɗan lungu. Ga wayar nan. Ya murɗa da yatsa, ko motsi. Da filaya ya ɗaure ta, da filaya kuma za ta kwance. Tasa kuwa, mai jan salatif a mariƙi, ta yi ɓatan dabo tun kwanaki. Har yini guda ya yi ba ya magana da matarsa, ya rantse ita ta ara wa maƙwabta.

Ya ce bari ya zaro hannu ya sake dabara. Hannu ya ce bai san zancen ba. Agogonsa ya maƙale a bayan wani ƙarfe. Ya ja, fata ta ɗaye. Ya tura, ya ƙara shigewa. Ruwan ɗumi ya fara ɗiga masa a kunne, ɗis, ɗis.

"Minti ashirin, mijin Yaya!" in ji autar gidan. "Na samo kwalbar!"

"Ina nazari ne," ya amsa daga ƙasa, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Jini ya taru masa a ka. Gumi ya cika masa ido, ba hannun sharewa. Ƙafarsa ta dama ta mutu. Abin da yake gani kawai wayoyi da ƙura da takalman mutane.

"A ɗan miƙo min filaya."

"Filaya?" in ji bakanike. "Da sifana ake kwance bawul, maigida. Me ka gani a ciki mai son filaya?"

"Tsatsa."

"Bari in leƙa."

"Kar ka matso!" Mai-aski ya wuntsila, gwiwarsa ta danne oda, motar ta kwarma ihu. Maƙwabta suka fara leƙowa ta ƙofar gareji, ɗaya, biyu, har suka tare haske.

Minti arba'in. Numfashi ya fara yi masa wuya. Ya haɗiye girman kai.

"Baba, don girman Allah a ba ni filaya. Ko ta aro ce."

"Me ya kai mu aro?" in ji Baba. Ya miƙa wa babbar 'yarsa kwalin. "Buɗe ki bai wa mijinki."

Mai-aski ya ji ana yage salatif. Daga nan fuskar matarsa ta bayyana a ƙasan sitiyari, a juye, tana riƙe da wani abu mai jan mariƙi daidai hancinsa.

"Wannan ba ita ce ka ce na ara wa maƙwabta ba?"

"Ba wani bawul da na saya," in ji Baba, yana goge wuya da tawul. "Wannan na tsinta washegarin wankin mota, daidai inda hannunka yake yanzu."