Ranar da Ɗan Wasa Ya Sandare

A Maska, idan Alhaji Maitama ya ce ya ga jinjirin wata, ba a neman shaida na biyu. Adali ne, ba a taɓa kama harshensa da ƙari ba. Rauninsa ɗaya ne, ƙwallon ƙafa, wadda yake bi ta rediyo kaɗai. Duk sa'ad da gardama ta kaure a majalisar gindin ɗorawa kan fanareti ko jan kati, da ya buɗe baki sai abokin wasansa Ɗanasabe, mai zuwa gidan kallo, ya ce, "Alhaji, ka gani ne, ko labari aka ba ka?" Sai dattijo ya haɗiye hujjarsa.

Wata ranar kasuwa ya kai masara Funtua, ya biya ta gidan ɗansa Zainulabidin. Bai same shi ba, sai matarsa Fiddausi ita kaɗai a falo, ga talabijin rabin bango, ana ƙwallo. Ta yi wuf ta ja hijabi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma gefe kai a sunkuye, hannuwa a rufe, kamar yadda kunyar suruki ta hukunta.

"Kada a kashe," in ji shi, ya gyara zama.

Namu ne masu korayen riguna, kuma sun hana Turawa sakat. Ya lura yatsun Fiddausi suna motsi ƙarƙashin hijabi, ya sa mata albarka a zuci, domin baiwar Allah ba ta barin tasbihi ko gaban talabijin. Da aka kira La'asar ya fita masallaci zuciyarsa na waiwaye. Ya dawo ya tarar wasa yana daidai inda ya bar shi, ya ce lalle duniya ta fara sanin hurumin salla.

Can ƙishirwa ta kama shi, ya nemi ruwa. Fiddausi ta saci kallon talabijin, sannan ta tashi. A nan ne musiba ta auku. Ɗan wasanmu da ke riƙe da ƙwallo ya sandare a gaban ragarmu kamar turken jaki, yana kallo wani Bature ya zo ya ɗauke ta ya zura.

Washegari Alhaji Maitama ya riga kowa zuwa majalisa. Ya bayyana cewa an sayi yaron nan, cin amana ne bayyananne, kuma wannan karon da idonsa ya gani.

"Jiya ba a yi wasa ba, Alhaji," in ji Ɗanasabe. "Ko dai masarar ce ba ta yi kasuwa ba?"

Aka bincika labaran wasanni na rediyo, aka duba wayoyi, babu ko alama. Alhaji ya rantse da Allah, abin da bai taɓa yi a kan ƙwallo ba. Kafin Juma'a magana ta kai kunnen liman, ga azumi ya gabato, aka fara raɗa cewa wanda ya ga wasan da ba a yi ba, zai iya ganin watan da bai tsaya ba.

Wannan ce ta hana shi cin tuwo. Ya goya Ɗanasabe a babur har Funtua, ya tara ɗansa da surukarsa, ya ce, "Fiddausi, ɓoye shaida haramun ne. Yaron nan ya sandare ko bai sandare ba?"

"Ya sandare, Baba," ta ce, murya can ƙasa.

Alhaji ya dubi Ɗanasabe kallon wanda alƙali ya wanke. "To, ka ji. Saura mu san wanda ya saye shi."

Zainulabidin ya sosa ƙeya, ya dubi matarsa da ta cusa fuska cikin gwiwoyi, sannan ya ce cikin ladabi, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, kai ne. Gem ne, wasan kwamfuta, take bugawa a talabijin, madannin yana hannunta cikin hijabi, sai ka aike ta ɗebo ruwa."